Belun Jikar Wanzami

Matarka Safiya ta sauka, Sale. Mace ce, lafiyarta ƙalau, ita da uwar. Hancinka ne a fuskarta, Allah ya sa iyakar abin da ta ɗauko naka ke nan. Don murna na fita ƙofar gida ba takalmi, na tare mai kawo mana ruwa a amalanken jaki na shaida masa, mutumin da ko sunansa ban sani ba.

To, yanzu sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Alƙahira. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da mugun aboki, ya buɗe maka karatun likitan da ka tafi nema. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ko da yake ni kwana biyun nan ba ta gaishe ni.

Ranar haihuwa na fara rubutun nan, ga shi har an yi suna ban gama ba. Ka san hannun wanda ya kama alƙalami da furfura. Na kuma san abu ɗaya kake nema a ciki, wato ko an cire wa 'yarka belu ko ba a cire ba. Za ka sani, amma sai ka bi ta inda na bi da kai. Ka bar ni da wannan magana a wuya ka hau jirgi, kai ma ka ɗan ɗanɗana jira.

Bari in tuna maka, don na ga alamar ba ka san abin da ka yi ba. Ranar da muka raka ka mina, wato tashar jirgin ruwa, ni na ɗauko akwatinka a ka tun daga inda mota ta ajiye mu. Ina tsaye da shi, gumi na zuba, sai ka juya wajen mahaifiyarka ka ce, "Inna, in an haihu kada a bar wanzami ya taɓa bakin abin da aka haifa. Ba cire belu, shi ke nan." Wanzami nawa ne a gidanmu, Sale? Ina tsaye a gabanka, ba a bayan bango ba. Ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, wanda muke cire wa jariri ranar suna don kada ya kumbura ya hana shi shan nono, ubana ya cire nawa a hanyar Sudan, ni na cire naka a nan unguwar Sharafiyya ta Jidda. Ga ka nan da ranka, da baki har ya yi yawa. Da ka ja ni gefe ka ce, Baba, ga abin da na gani a asibitin da na yi aiki, da mun zauna mun yi magana. Amma sai ka aiko min saƙo ta bakin matata ina kallon ka.

Sannan ka sa hannu a aljihu ka ba ni ɗan littafin tarihin likitan nan naka na ƙasar Farisa, ka ce in karanta in ga yadda likita yake. Ba sai na rubuta sunansa ba, ka cika mana kunne da shi tun kana sanawiyya, wato sakandare. Da yake a garin Buhara ya tashi, mahaifiyarka ta daɗe tana zaton ɗaya ne daga Buharawan nan masu gasa burodin tamis a bakin titi, har ta taɓa tambaya ta me ya sa bai taɓa shigowa ya gaishe mu ba. Tun daga nan nake ce masa mutumin Buhara.

To, na karanta. Ba ni kaɗai ba, don Larabcin littafi ba irin na kasuwa ba ne. Na kai wa Ustaz Abdurrahim, Basudanen da ke koya mana a makarantar yamma, ya riƙa karanta mana kaɗan kaɗan bayan darasi, ni da direbobi da 'yan dako. Abin da na gano shi ne kai rabin littafin ka karanta. Ka riƙe cewa ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara goma, ya zama likita gemu bai fito ba, ya warkar da sarkin garinsu har aka buɗe masa ɗakin littattafan fada. Duk haka ne. Amma ka tsallake inda mahaifinsa ya tura shi wajen wani mai sayar da kayan miya ya koyi lissafi, ya kuwa je ya zauna. Ka tsallake inda ya karanta wani littafin Yunanawa har ya haddace shi bai gane komai ba, ya fid da rai, sai da ya tsinci ɗan sharhin wani malami a kasuwar littattafai sannan kansa ya buɗe, ya fita yana raba sadaka don godiya. Mutumin da duniya ke kira shugaban likitoci ya yarda akwai abin da ya gagare shi. Kai yaushe rabonka da ka ce ban sani ba?

Ba wai na fi ka ba. Lokacin da aka buɗe makarantar yamma a unguwarmu, abokaina suka shiga, ni na ƙi. Na leƙa na ga malamin yaro ne, bai kai ƙanena ba, na ce ba zan durƙusa gaban wanda na isa in yi wa kaciya ba. Na zauna da girman kaina shekaru. Duk takardar da yayana ya aiko daga garin Madani na Sudan sai in kai wa masu rubuta wa mutane takarda a bakin gidan waya. A bakin ɗaya daga cikinsu na ji rasuwar mahaifiyata. Ya karanta min kamar mai karanta farashin albasa, ya ninke ya miƙo min, ya ce na baya ya matso. Wannan ne ya kai ni aji, bayan ido ya fara rauni. Saboda haka in ka shiga asibitin koyo a can, ka tambayi kowa. Tsohuwar da ke wanke majinyata, mai gadin ƙofa, ɗalibin da ka fi shekaru. Ka tambaya da ladabi, kuma in za ka gyara wa mutum kuskure, ka dube shi a fuska.

Abu na biyu da ka tsallake shi ne yawonsa. Mutumin nan bai zauna wuri ɗaya ba. Daga wannan sarki sai wancan, gari bayan gari. A wani gari har waziri aka naɗa shi, sojoji suka tayar masa, aka wawashe gidansa. Daga baya aka kulle shi a wata ganuwa, da ya fito kuma sai da ya ɓad da kama cikin tufafin sufaye kafin ya tsere. Ustaz ya ce littattafansa da yawa a kan hanya ya rubuta su, ko a ɓoye a gidan wani. Da aka zo nan wani direba a ajinmu ya ce, "Shi da ke da sana'a a hannu, me ya kai shi gidan sarauta?" Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba, don da ni ake.

Ba ka da wayo lokacin. Ina da wurina a gindin bango kusa da kasuwar Bab Makka, tabarma da madubi da zabira, kuma in alhazai suka sauko ba na samun lokacin shan shahi. Sai wani attajiri mai shigo da shinkafa ya ji daɗin hannuna, ya ce in bar zaman titi in zama wanzamin gidansa. Na naɗe tabarma ko sallama ban yi wa maƙwabtana ba. Na yi ƙiba a gidan nan, na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Ran nan suka saɓa da ɗan'uwansa a kan gado, gida ya rabu biyu, aka ce ni ɗan ɓangaren wane ne, alhali ni gemu kawai nake gyarawa. Aka sallame ni. Na koma Bab Makka na tarar wani ya shimfiɗa tabarmarsa a wurina, masu zuwa gare ni sun saba da shi. Ina jin rediyon ƙasar da kake, ina jin yadda ake jawabi mutane na ihu. Ba ruwanka. Karatu ka je yi. Duk wanda ya ce ka zo taro, ko babban mutum ya ce ka zama nasa, ka ce kana da darasi. Majinyaci ba ya kora ka don ya yi faɗa da ɗan'uwansa.

Na uku shi ne mutuwarsa, kuma ita ta fi ba ni haushi. Mutum ya rubuta littafin magani wanda Ustaz ya ce har ƙasashen Turawa an yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da likitoci da shi. Sai ciwon ciki ya kama shi yana bin sarki a tafiyar yaƙi. Maimakon ya kwanta wani ya duba shi, sai ya shiga yi wa kansa magani, yana ƙari a kan ƙari don ya warke da wuri ya bi tawaga, har hanjinsa ya yi rauni. Bai huta ba, bai rage komai na rayuwarsa ba. Da ya ga abin ya ƙi, ya bar magani, ya 'yanta bayinsa, ya raba abin hannunsa, ya koma ga Alƙur'ani har ya cika a Hamadan, bai kai sittin ba. Allah ya jiƙansa. Na girme shi yanzu, ni da ban san sunan jijiya ko ɗaya ba. Kuma ban ji an ambaci mata ko ɗa a littafin ba. Ya bar wa duniya littattafai, amma bai taɓa fita ƙofar gida ba takalmi ya tare mai ruwa ba.

Wannan ma na taɓa irinsa. Wata shekara ana tsakiyar aikin hajji cikina ya murɗe. Na ce ina wanzami wa zai duba ni. Na dafa filasko na sha, bai yi ba, na ƙara, na kuma ƙara, na sa aka kafa min ƙaho a baya, duk don kada kwanakin aski su wuce ni. Ina cikin aske wani Bature ɗan Turkiyya na faɗi, aska a hannu, Allah ya kiyaye ban yanke masa kunne ba. A asibiti na farka, aikin hajjin ya wuce gaba ɗaya. Na san halinka, tun kana ƙarami in ka sa kai a littafi sai an ɗauke fitila. Ka ci abinci mai zafi, ba ful, waken nan nasu, da burodi kullum ba. Ka yi barci. In jikinka ya ƙi, ka je wajen wani likita ka buɗe baki kamar kowa.

To, ga maganar da kake jira.

Kwana biyu da haihuwa mahaifiyarka ta same ni ina gyara zabira. Ta ce, "Malam, ka wasa askar?"

Na ce, "Ta aski na wasa."

Ta ce, "Ba ita nake tambaya ba, ka sani. Yaron da ka haifa ne zai hana ka aikin ubanka daga ƙetaren teku? In abin ya kumbura ya shaƙe ta, shi zai zo ya riƙe ta? Yana can yana karatu, mu za a bari da kuka."

Na shiga wajen Safiya na tambaye ta ra'ayinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, duk abin da kuka yanke." Hawaye na ɗiga a kan zanen goyo. Ka ga abin da ka yi? Ka bar yarinya da ɗanyen jego tsakanin umarnin miji da tsoron suruka. In za ka kafa doka a gida, ka tsaya ka ɗauki nauyinta, kada ka jefa ta ka hau jirgi.

Gaskiya niyyata in cire. Ba don komai ba sai don haushinka. Amma a ajin ranar Ustaz ya kai inda ake bayanin yadda mutumin Buhara yake shaidar magani. Wai ba a cewa abu yana aiki sai an gwada shi a jikin mutum an gani, kuma ba sau ɗaya ba, don sau ɗaya yana iya zama dace. Ina tafiya gida maganar ta tsaya min. Na cire belu ba iyaka, yaran suka rayu, na ce aikina ne. Amma ban taɓa ganin Bahaushen da aka bar wa nasa ba. To ta ina na san abin da zai faru in an bari? Ubana ne ya faɗa min, shi ma ubansa. A Sudan inda na tashi, duk wanda na sani an cire masa. Amma nan Jidda ce, kowace kabila ta duniya tana zama a kan tabarmata.

Washegari Abdulgafur mai tamis ya zo gyaran gemu. Ka san shi, ƙato, yini yake a bakin tanda bai taɓa kwanciya ciwo ba. Da na gama na ce ya buɗe baki.

Ya ce, "Ya Ammi Mamman, gemu na kawo. Jaki za ka saya?"

Na ce, "Yalla, buɗe, ka ce aa."

Ga belu nan yana reto kamar ɗanyen dabino. Na ce, 'ya'yansa fa? Ya ce su ba abin da suke cirewa a baki sai ruɓaɓɓen haƙori, kuma 'ya'yansa duk suna nan suna cinye masa riba. Daga nan duk wanda ya zauna sai na leƙa. Wani tsoho ɗan tsibirin Jawa da ba haƙori ko ɗaya, belunsa na nan. 'Yan Hindu, 'yan Sham, duk haka. Wani Bahabashe ne ya dagula min lissafi, ya ce su ma suna cirewa, kuma kakarsa ta ce in ba a cire ba yaro ba ya kai shekara. Kafin la'asar labari ya zaga cewa Mamman Wanzami ya taɓu, yana leƙa maƙogwaron mutane. A kanka na jawo wa kaina wannan suna da tsufana.

Ranar suna da safe, an raɗa mata Zainabu, an shafa fatiha, an raba dabino da goro, sai ga Alhaji Tanko da zabirarsa. Shi ne babbanmu a wanzaman garin nan, tare muka ƙetaro daga tashar Sawakin ta Sudan a jirgi ɗaya. Mahaifiyarka ce ta aika masa, wai tunda hannun mijinta ya mutu. Aka miƙo min yarinyar a tsakar gida, mata sun kewaye. Na jiƙa kanta na aske shi tas, ko motsi ba ta yi ba. Sannan na sa ɗan yatsa na buɗe bakinta. Ga shi can, ɗan mitsitsi, ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ina kallon sa ta kama yatsana ta shiga tsotsa da ƙarfi. Babu abin da ya hana ta komai.

Na goge aska na mayar, na ɗaure zabira.

Tanko ya ce, "Mamman, saura."

Na ce, "Babu saura, Alhaji."

Ya ce, "In hannunka ke rawa don jininka ce, ba ni ita. Ba abin kunya ba ne."

Na ce, "Ba rawa yake ba. Ba za a cire ba."

Sai ya ce a gaban kowa, "Shekara da shekaru kana sa ƙarfe a bakin 'ya'yan mutane. Taka ce ta fi ƙarfin aska?"

Na miƙa wa Safiya yarinyar. Tanko ya saɓa zabirarsa ya fita, ko naman suna bai taɓa ba. Kafin azahar maƙwabcinmu Isa direba, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya tare ni ya ce nasu fa, ya za a yi? Na ce zan yi aski, zan yi kaciya in namiji ne in lokaci ya yi, amma belu na ajiye har sai na san gaskiyarsa. Ba zan bar na jikata in cire na ɗan wani ba. Ka ga ke nan na sauke wani sashi na sana'ar da na gada, na ɓata da abokin tafiyata, kuma mahaifiyarka tun ranar ba ta ce min komai sai "ga abinci."

Kada ka ɗauka umarninka na bi. Da maganarka ta mina ce kawai, da tuni an cire an binne. Abin da idona ya gani na bi. Kuma kada ka zaci hankalina kwance yake. In yarinyar nan ta yi tari sau ɗaya sai gabana ya faɗi, in ta ƙi nono na ɗan lokaci sai in ji muryar Tanko. Na ɗora ranta a kan bakin mai tamis da maganar mutumin da ya rasu tun zamanin da. In wani abu ya same ta, ba kai za a nuna ba, ni za a nuna.

Don haka ga aikinka. Ka je wajen malamanku ka tambaye su me belu yake yi a jikin mutum, me ya sa Allah ya sa shi a wurin, kuma in ya kumbura da gaske me ake yi. Kada ka amsa min da kanka, ka tambaya. Ka rubuto min da manyan baƙaƙe, da sauƙin magana, yadda zan iya kai wa Tanko in karanta masa da bakina. Ni ka rubuto wa, da sunana a bayan ambulan.

Allah ya tsare min kai, ya waladi, ɗana. Ya kare ka daga ciwo da girman kai da sharrin masu mulki, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya dawo da kai ka same mu da rai. Ya raya Zainabu, ya rufa min asiri a kanta.

In an ba ku hutu kada ka ce za ka zauna karatu, ka hau jirgi ka taho. Ka zo da abokanka, in malaminku zai yarda shi ma ka zo da shi, akwai shahi. Na riga na faɗa wa 'yan ajinmu da Ustaz, na faɗa wa matan unguwa masu cewa ba za ta yi arba'in ba, na aika wa Tanko ma ko da bai amsa ba. Ƙofar gidana a Sharafiyya a buɗe take. Tana nan kwance a kan cinyata yanzu haka, kai a aske, tana hamma, belunta na reto. Kowa ya zo ya gani.

Mahaifinka,
Mamman Wanzami